Gari ɗaya, ciyamomi takwas: wa za a riƙe kan lalacewar unguwannin Kano?

Duk mai sauraron shirye-shiryen ƙorafi a gidajen rediyon Kano ya kusa haddace kukan da ake kawowa. Na Kurna ya ce magudanar ruwan layinsu ta cushe, da an yi yayyafi sai ruwa ya shiga ɗakuna. Ta Ɗorayi ta ce asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ba a samun ko maganin zazzaɓi. Na Bachirawa ya ce bola ta cinye rabin titi, na Sheka ya ce katangar maƙabarta ta zube, awaki suna kiwo a kan kaburbura. Sai kuma a rufe da magana iri ɗaya: mun je sakatariya an ce ciyaman ba ya nan, mun ga kansila ya ce shi ma ba shi da yadda zai yi.

Idan ka tambayi mutane dalili, amsar ba ta wuce kalma ɗaya, sata. Akwai satar, ba mai musu. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ta bayyana yadda aka yi ciyamomi suka zo suka wuce, jam'iyyu suka karɓi mulki suka sauka, kwatar nan dai tana nan yadda take. Abin da na fahimta shi ne an tarwatsa alhakin kula da birnin Kano ta yadda babu mutum guda da talaka zai riƙe wa riga ya ce kai ne. Kuɗin yana hannun wani, ikon yana hannun wani, sunan aikin kuma yana kan wani daban. Fushin jama'a na gaskiya ne, amma yawanci yana sauka ne a ƙofar da babu kowa a bayanta.

A takarda babu ruɗani ko kaɗan. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla: titunan cikin unguwa da fitilunsu, magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, banɗakunan jama'a, maƙabartu, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ya kuma ce za ta sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wato kusan duk abin da ke damun mazaunin Kano daga ƙofar gidansa zuwa bakin babban titi, aikinta ne. Kuma an ware mata kuɗi. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A harajin VAT kuma suna da kashi 35. Kano ce ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi, guda 44, don haka abin da ke shigowa da sunansu duk wata ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, yawan abin da ake rabawa a Abuja ya ƙaru sosai, ko da yake hauhawar farashi, wanda ya haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ya cinye wani ɓangare na ƙarin. Mutane suna jin waɗannan alƙaluma a rediyo, su leƙa layinsu su ga babu abin da ya canza. Daga nan ake fara zagin ciyaman.

To amma kuɗin ba ya tahowa kai tsaye daga Abuja zuwa sakatariyar Gwale ko ta Tarauni. Sashe na 162 na kundin ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma a nan kuɗin yake fara sauka. Waɗanda suka rubuta sashen sun yi nufin jiha ta ƙara nata kason a kai sannan ta raba. Abin da ya faru a kusan duk jihohi akasin haka ne. Kafin ciyaman ya ga kobo, an cire albashin malaman firamare ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, an cire na ma'aikatan lafiya, an cire fansho, an cire kason masarauta, an cire na horar da ma'aikata, sannan a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Wasu daga cikin waɗannan cire-ciren suna da hujja. Malaman firamare ba su manta da shekarun da albashinsu yake hannun ƙananan hukumomi suna yin watanni ba a biya su ba, shi ya sa ƙungiyarsu ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da batun sakar wa ciyamomi kuɗi. Kuma da Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a ƙarshen 2024, nauyin albashin ya ƙara danne abin da ya rage.

Ayyukan haɗin gwiwar ne inda gizo ke saƙa. A nan gwamnatin jiha take zaɓar aikin, ta zaɓi ɗan kwangila, ta yanka farashi, sannan a ciri kuɗin daga kason ƙananan hukumomi. Kanawa sun san titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi 44 a zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, waɗanda da yawansu suka yi shekaru a yashe bayan an canza gwamnati. Sun kuma ji ce-ce-ku-cen da ya tashi kan gadojin Ɗan Agundi da Tal'udu, da aka ce za a taɓa asusun haɗin gwiwa wajen gina su. A watan Agustan 2024 sai ga maganar kwangilar sayen magunguna da aka ɗora wa ƙananan hukumomin 44 gaba ɗaya, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce bai san da ita ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika. Ba ina cewa titi ko gada ko magani ba su da amfani ba. Abin dubawa shi ne, mutanen Rimin Kebe ba su zauna sun ce gada suke so a gaban kwalbati ba, kuma babu wanda ya tambaye su. Da kuɗinsu aka yi, shawarar kuwa a wani ofishi aka yanke.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ciyaman ya yi magana? Abin da ya hana shi shi ne hanyar da ya bi ya hau kujerar. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ce ke shirya shi, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninta. A 2014 jam'iyyar da ke mulki ta lashe kujeru 44 cif. A 2018 haka, a 2021 haka, duk APC. Ranar 26 ga Oktoban 2024 NNPP ta lashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba a bar ko mazaɓa ɗaya ba. Wannan a garin da ko a gida ɗaya sai ka sami wa da ƙane ba sa jam'iyya ɗaya, garin da ya yi jam'iyyun NEPU da PRP, ya yi santsi da taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu. Babu Bakanon da zai yarda cewa ra'ayin mutanen mazaɓu 484 ya zo ɗaya a rana ɗaya. Kowa ya san ainihin zaɓen ana yin sa ne ranar da aka fitar da sunayen 'yan takara, a gidan jagora. Tsakanin zaɓe da zaɓe kuma an sha naɗa kantomomi na riƙo, waɗanda ko wannan kwaikwayon zaɓen ba su bi ba. Mutumin da aka ɗauko aka ɗora ya san wanda zai iya sauke shi, kuma ya san ba mai kiran waya a rediyo ba ne. Kansilolin da ya kamata su tsare shi da tambaya kan kasafin kuɗi, su ma ta wannan ƙofar suka shigo.

Wannan ciwo na duk ƙasa ne. Kano tana da nata na daban, wanda ba a cika magana a kansa ba. Birnin da muke kira Kano gari ɗaya ne a ido, amma a mulki an yanka shi gida takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Rabon da a ƙirƙiri ƙananan hukumomi tun 1996, zamanin Abacha, rabon da a yi ƙidaya kuma tun 2006. A waccan ƙidayar, takwas ɗin nan sun tashi da mutum kusan miliyan 2.8, Nassarawa kaɗai tana da kusan dubu 600. Tun daga lokacin gari ya bazu, gonakin Kumbotso da Ungogo sun zama unguwanni masu cunkoso, an yanka filaye na awon igiya babu titi babu lambatu, amma tsarin rabon kuɗi bai motsa ba. Kaso mai tsoka ana raba shi ne daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi, wanda ya shafi yawan jama'a kuma da tsohuwar ƙidaya ake lissafa shi. Sakamakon haka, abin da ke faɗa wa kowane mutum ɗaya a Ungogo ko Nassarawa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyin da ke kansu.

Ruwan sama kuwa bai san iyakar Dala da Fagge ba. Jakara tana tasowa daga cikin birni, ta ratsa ƙananan hukumomi da dama kafin ta kai dam ɗin Wasai a Minjibir. Idan na sama ya yashe nasa, na ƙasa bai yashe ba, ruwan zai dawo. Saboda irin wannan dalili ne gwamnatocin jiha suka yi ta kafa hukumomi masu kula da birnin baki ɗaya: REMASAB ta shara, KNUPDA ta tsara gine-gine, KARMA ta gyaran tituna, KAROTA ta zirga-zirga, ga hukumar tattara haraji, ga hukumar lafiya a matakin farko. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari, duk da suna cikin Fagge, gwamna ne ke naɗa masu tafiyar da su. Tunanin da ya haifar da waɗannan hukumomi ba laifi ba ne, birni mai girman Kano yana buƙatar hannu ɗaya a wasu ayyuka. Laifin shi ne an kwashe ayyukan da hanyoyin kuɗin shiga an kai jiha, ba a fito an gaya wa jama'a a rubuce inda aikin REMASAB ya tsaya da inda na ƙaramar hukuma ya fara ba. Hukumar jiha takan fi mayar da hankali kan manyan tituna inda baƙi da manya ke wucewa. Lungu ya zama na ƙaramar hukuma, ita kuma ta ce ba ta da mota ko ɗaya ta kwasar shara. Mai ƙorafi ya je nan a tura shi can, ya je can a dawo da shi nan, har ya gaji ya haɗa kuɗi da maƙwabta su ɗauki masu kura. Lokacin da ruwa ya mamaye Kantin Kwari a damunar 2022 ya lalata dukiya mai yawa, maganar da ta fito ita ce an yi gine-gine a kan hanyoyin ruwa. Waɗannan gine-gine ba da daddare suka tsiro ba, wani ne ya sa hannu a takardunsu.

Dattawa idan ana wannan hira sukan kawo zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta tun zamanin Turawa, kuma suna da abin faɗa. Baitulmalin En'e ta Kano ce ta ɗauki nauyin kawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, haka ma Asibitin Birni wanda yau ake kira Asibitin Murtala. Duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa da masai, kuma ana shakkarsa. Ba na cikin masu son a koma can. En'e tana da 'yan doka da kotuna da gidan yari, ta kuma yi amfani da su wajen gallaza wa talakawa da 'yan adawa, wannan ne ma ya ba Malam Aminu Kano da NEPU abin faɗa. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Kuɗin En'e daga aljihun mutanen ƙasar Kano yake fitowa, haraji da jangali, kuma kowa ya san sarkar daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa fada. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin na yau da kaso daga tarayya, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979, matakin da talakawa suka yi murna da shi saboda zaluncin da ke cikin karɓar. Sai dai daga nan hukuma ta daina buƙatar mutanen unguwa don ta rayu. Tana jiran ƙarshen wata ne kawai. Hukumar da ba ta neman komai a wurinka ba ta jin dole ta yi maka bayani, kai ma ba ka jin kuɗinka ne ake ɓarnatarwa, sai ka ce ai kuɗin gwamnati ne.

Kada wannan ya zama wanke ciyamomi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan abin da ke isa sakatariya, yaya ake yi da shi? Sabon ciyaman yakan fara da naɗa mataimaka na musamman da masu ba da shawara rututu, mafi yawansu sakayyar wahalar siyasa ce. Ga alawus na zama, ga tafiye-tafiyen bita, ga kwaskwarimar ofis, ga 'yan jagaliya da ke cika harabar sakatariya ranar da aka ji kuɗi ya shigo. Ana raba kayan tallafi a ɗauki hoto, domin buhun shinkafa yana fitowa a Facebook, yashe kwata kuwa ba ya fitowa. Sannan ga kuɗin shigar da ƙananan hukumomin birni ke karɓa da kansu a ƙananan kasuwanni da tashoshi da rumfuna da shaguna. Mai teburin kayan miya yana biya kullum, wani lokaci da rasit, wani lokaci babu. Nawa ake tarawa a wata, nawa ke shiga asusu, nawa ke tsayawa a aljihun mai karɓa da wanda ya ba shi wurin? Ban taɓa ganin an liƙa wannan lissafi a bangon wata sakatariya ba. Asusun haɗin gwiwa ya zama wa ciyaman mafaka mai daɗi: duk abin da aka tambaye shi sai ya nuna sama, alhali akwai burtsatsen da gyaransa bai fi ƙarfin abin da ke hannunsa ba.

Mu ma mazauna gari muna da namu. Kududdufan da kakanni suka bari suna shanye ruwan damina, an cike su an yi gidaje da shaguna, kuma mu ne masu saye. Badala ta zama fili. Ana tura yaro da shara a ce ya zuba a kwata idan hadari ya haɗu. Ranar tsaftar ƙarshen wata da yawa barci muke yi. Amma ba na yarda a mayar da wannan ya zama amsar duk tambaya, kamar yadda jami'ai ke son yi. Matar da ke cikin lungun da motar shara ba ta taɓa shiga ba, ina ake so ta kai sharar? Kuma mutanen nan da ake zargi da ƙazanta su ne ke haɗa kuɗi su sayi taransifoma, su biya 'yan sintiri saboda masu ƙwacen waya, su yi aikin gayya su yashe lambatu, su sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, su kai 'ya'yansu makarantar kuɗi saboda ajin firamare ya cika ya batse. Aikin ƙaramar hukuma suke yi da aljihunsu, bayan an riga an karɓi kuɗin aikin da sunansu.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomin riƙo. An yi murna, amma an shafe fiye da shekara ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana kukan ba a aiwatar ba. Ko a 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, NFIU, ta taɓa fitar da ƙa'idojin hana gwamnoni taɓa wannan kuɗi, abin bai yi nisa ba. Kuma ko an aiwatar gobe, ciyaman ɗin da aka ɗora zai iya karɓar kuɗin da safe ya mayar da shi inda aka umarce shi da yamma. Wanda kuma ba a umarta ba, idan babu mai duba shi, an dai sauya wa ɓarnar mazauni ne daga ma'aikatar ƙananan hukumomi zuwa sakatariya. Shi ya sa nake ganin 'yancin kuɗi ba zai haifar da komai ba muddin zaɓen yana hannun wanda ke da sha'awar sakamakonsa, ko dai a mayar da shi hannun INEC, ko a canza yadda ake naɗa shugabannin KANSIEC ta yadda ba na gwamna kaɗai ba ne.

Wannan gyara ne na kundin tsarin mulki, zai ɗauki lokaci. Akwai abin da bai buƙaci jiran Abuja ba. Ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta NBS suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, da sunanta, kowa zai iya dubawa a wayarsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ta shafi jihohi. Ƙungiyar ci gaban unguwa da ta iya tara kuɗin taransifoma za ta iya rubuta takarda mai tambaya uku: nawa aka ware mana a watan jiya, nawa aka cire kafin ya iso kuma da sunan me, nawa kuka tara a kasuwa da tasha. Idan ciyaman ya ce bai ga kuɗin ba, ya faɗa a rubuce, sai a san ƙofar da za a nufa. Majalisar dokokin jiha kuma, wadda kundin ya ba ikon tsara ƙananan hukumomi, ita ya kamata a matsa wa ta fitar da doka mai raba aiki a fili tsakanin hukumomin jiha da ƙananan hukumomi takwas na birni: wane titi na KARMA ne, wace magudana ta Dala ce, wa zai kwashe sharar lungu kuma sau nawa a mako, da lambar wayar jami'in da za a kira idan ba a yi ba. Masu unguwanni sun san kowane lungu da kowane gida, su ne ya dace a ba kwafin wannan jadawali su liƙa a ƙofar masallaci da bakin kasuwa kafin damina mai zuwa ta sauka.